Ina Jakar Faifan Mai Gyara Ta Shiga?

Duk wanda ya saba shiga shagunan masu gyaran kwamfuta a titin Beirut da ke Kano, ko a Banex ta Abuja, shekaru goma sha biyar zuwa ashirin da suka wuce, zai tuna wata baƙar jaka mai zif da ba ta rabuwa da teburin oga. Cikinta faya-fayan CD ne jere a aljihunan leda, kowanne an rubuta sunansa da maka: wannan Windows XP, wancan Office, ga na direbobi, wato manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki, ga na maganin bairos. Ita ce jarin shago. Maƙwabci zai iya aron sukundireba, zai iya aron caja, amma jakar nan ba ta kwana a waje. Yau ka zaga shagunan, da wuya ka ganta. In ma ka ganta, ta yi ƙura a ƙasan kanta, domin yawancin laftof ɗin da ake kawowa gyara yanzu ba su da ƙofar da za a zura faifan. Abin da ya gaje ta ɗan filash ne da bai kai tsawon yatsa ba, rataye a jikin makullin babur ɗin yaron shago.

Ba wanda ya yi shelar tafiyarta, a hankali ta janye. A 2008 kamfanin Apple ya fito da MacBook Air babu gurbin faifai, mutane suna ta mamakin yadda za a yi kwamfuta ba wajen sa CD. Kafin a cika shekara goma sauran kamfanoni sun bi sahu. Sai dai aikin da jakar take yi bai mutu ba. Har gobe had-dis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, na lalacewa, har gobe ana sayo sabo a ɗaura, kuma sabon fayau yake zuwa, babu komai a cikinsa. Ka kunna laftof ɗin ta nuna maka baƙin allo da ɗan farin rubutu, tana cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Dole a ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da komai, Windows ko waninsa, kafin ta sake zama kwamfuta. Wannan ɗorin ne ya canza kama, kuma a cikin canjin mun ci riba mai yawa, mun kuma saki wani abu da ya kamata mu riƙe.

A da had-dis ba ya mutuwa sai ya yi jinya. Da farko kwamfuta ta fara nauyi, ka danna abu ka zauna jira. Sai wani fayil ya ƙi buɗewa. Daga nan in ka kara kunne a jikinta sai ka ji wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya sake. Da mai gyara ya ji wannan sautin ba ya buƙatar wani gwaji. A cikin ɗan akwatin nan mai faɗin tafin hannu akwai faifai mai sheƙi da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, da wani siririn hannu mai ɗauke da kan karatu yana shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa. Laftof ta faɗi tana kunne, ko a jefa ta jaka ba a kashe ba a hau acaɓa a bi hanya mai gargada, kan ya gogi faifan, an yi rauni ke nan. Fasahar daɗaɗɗiya ce. Tun 1956 kamfanin IBM ya ƙera na farko, mai faya-fayai 50, nauyinsa wajen tan guda, abin da yake ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne kacal, abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar yau zai cinye.

Canza shi ba wani aiki ba ne a laftof ɗin wancan zamani. A kife ta, a kwance noti biyu, a ɗaga ɗan murfi, a zare tsoho a zura sabo. Bayan nan ne ake ɗaura ɗamara. Oga ya zuge jaka ya zaro faifan XP, ya hura masa iska, ya goge shi da gefen riga daga tsakiya zuwa baki, ya ɗaga shi ga haske yana duba karce. Tire ya fito da ɗan ƙara, a danna faifan ya zauna daram, a tura. A shiga BIOS, wato saitin tashin kwamfuta, a umarce ta ta fara duba CD kafin komai. Sai shuɗin allo ya bayyana, fararen rubutu na gudu a ƙasa. A danna F8 a amince da sharuɗɗa. A nan ne gwanaye suke yin wata dabara da ta ceci mutane da yawa: su raba had-dis gida biyu, C da D, su ce wa mai kwamfuta, "Alhaji, duk abin da kake so ka ajiye shi a D. Ranar da za a sake yi mata fomatin, C kaɗai za mu taɓa."

Daga nan sai jira. Allon yakan rubuta cewa saura kamar minti 39, amma duk wanda ya saba ya san lissafin ba ya cika. Shago na ƙamshin dalma da ƙaurin hayaƙin janareto, fanka na juya iska mai ɗumi, rediyo na magana a kusurwa, faifan na juyawa yana tsayawa yana sake ɗauka. A aiki yaro ya karɓo shayi. In faifan ya karce, sai an yi nisa ya tsaya ya ce ya kasa kwafar wani fayil, a ciro shi a sake gogewa, a roƙi Allah. In NEPA ta ɗauke, ga laftof 'yar gwanjo da batirinta ya daɗe da mutuwa, komai ya koma farko. Mai haƙuri ke dafa dutse, kuma a shagon gyara an sha romon dutse ba kaɗan ba.

Sai kuma lambar mallaka: haruffa da alƙaluma 25, kashi biyar, kowane kashi guda biyar, a jikin wata sitika mai ƙyalli a ƙarƙashin laftof. Zafi da gogar cinya sukan cinye rubutun. Tun kafin a fara aiki yaro yake kwafe ta a takarda, in an zo wurin ya riƙa karantawa oga na bugawa. Kwamfuta ta ce ba daidai ba.

"Kai, wannan B ce ko 8?"

"Oga, kamar 8 ce."

"Ba a kamar a nan. Ɗaga min ita in gani."

A karkata laftof ɗin a hankali tana cikin aiki, a haska tocila, a yi ta gardama kan harafi ɗaya. Lokacin da laftof masu had-dis irin na SATA suka fara yawa, sai wata matsalar ta ɓullo: faifan XP ya ce bai ga had-dis ba sam, alhali ga shi sabo fil an ɗaura. Hanyar da aka tanada ita ce a danna F6 a ba shi direba daga faifan fulofi, laftof ɗin kuwa ba ta da gurbin fulofi. Wanda ya san a koma BIOS a mayar da tsarin had-dis zuwa na da, shi ne oga. Wanda bai sani ba sai ya ce wa mai kaya an sayar masa da jabu.

Idan komai ya tafi daidai, sai koren tudun nan da shuɗiyar samaniya su cika allo. Hoto ne na gaske, wani mai ɗaukar hoto Charles O'Rear ya ɗauke shi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1996, ya zama fuskar XP tun fitowarsa a 2001. Mai kwamfuta ya yi murmushi ya fara laluben aljihu, amma oga ya san rabin aiki aka yi. Babu sauti, rubutu ya yi ɓaro-ɓaro, kwamfutar ba ta kama intanet. Kowane sashe na jikin laftof yana neman direbansa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne direban da zai haɗa ka da intanet, shi ma a intanet yake. Sai a rubuta lambar laftof ɗin a takarda a tafi kafe a sayi awa, ko a bari sai dare a yi kwanan kafe. A lokacin yawancin kafe da tauraron ɗan'adam suke aiki, domin sai a 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki daga Legas. Fayil ɗin da yau za ka sauke kafin ka ƙifta ido, a da sai ka yi gyangyaɗi a gabansa.

Mu masu rubutu da Hausa muna da wani ƙarin mataki da sauran jama'a ba su damu da shi ba. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba mu damar buga ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta. Da su aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawa. Amma ba sa zuwa a cikin faifan Windows. Duk wanda aka yi wa sabon ɗori ya buɗe rubutunsa ba tare da ya mayar da su ba, sai ya tarar duk inda harafi mai ƙugiya yake, wata baka ko sanda ta tsaya a wurin. Hankalin marubuci ya tashi, ya zaci aikinsa ya lalace, alhali ɗan fayil guda ne ya ɓace. Shi ya sa masu buga takardu a bakin jami'o'i suke ɓoye shi a fulofi, daga baya a filash, suna ba juna hannu da hannu.

A makarantar allo akwai ƙa'idar da kowane almajiri ya sani: ba ka wanke allonka sai ka biya wa Malam, ya tabbatar abin da ke jikin allon ya zauna a kanka. Fomatin ma wanke allo ne, sai dai kwamfuta ba ta hadda. Shi ya sa tambayar farko da mai gyara na kirki yake yi ita ce, "Ka kwashe kayanka?" Idan had-dis ya riga ya mutu kuwa, tambayar ta makara. Na taɓa ganin wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe tsaye a gaban teburin wani mai gyara, ta rungume jakar laftof, idonta ya kaɗa.

"Injiniya, don Allah ko babi na huɗu kaɗai a ciro min."

"Hajiya, zan gwada, amma ban yi miki alkawari ba. Ba ki da shi a filash?"

"Akwai, amma na watan jiya ne."

Ya zura tsohon had-dis ɗin a wani ɗan gida mai waya, ya jona shi da wata kwamfutar, ya kara kunne. Kowa a shagon ya yi tsit. Faifan ya juya, ya yi ƙas, ya sake juyawa, sannan jakunkunan fayil suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya komai ba ya ja nata ya kwafe, kafin ya kai ga hotuna faifan ya tsaya cak. Ta sami babinta, hotunan sun tafi. Sabuwar Windows ta hau lafiya lau a ranar, amma ba ta dawo da ko hoto ɗaya ba, domin ba aikinta ba ne. Wannan shi ne abin da mutane suka fi kasa ganewa, a da da yanzu: manhaja takan dawo, abin da ka rubuta da hannunka ba ya dawowa sai in ka ajiye shi a wani wuri.

Kafin a zo zamanin filash an ratsa wani tsaka-tsakin zamani. Kamfanoni suka daina saka faifan Windows a kwalin sabuwar laftof, suka koma ɓoye manhajar a wani sashe na had-dis ɗin kansa. In kwamfuta ta rikice, ka danna maɓalli ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Dabara ce mai kyau matuƙar had-dis na da rai. Ranar da ya mutu, da maganin da cutar tare suke tafiya. Kwamfutar takan tunatar da mai ita ya ƙona faya-fayan ceto tun tana sabuwa, amma kaɗan ne suka yi. A irin wannan lokacin ne kuma wasu matasa suka fara karɓar ambulan daga gidan waya, cikinsa faifan Ubuntu, wata babbar manhaja ta kyauta daga dangin Linux da kamfanin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fara fitarwa a 2004. Ka cika fom a kafe, bayan makonni faifai ya iso, ba ka biya ko sisi ba. An rufe wannan shirin a 2011, amma ya nuna wa mutane da dama cewa kwamfuta na iya tashi ba da Windows ba.

Yanzu dubi yadda aikin ya koma. Wanda had-dis ɗinsa ya mutu ba ya ma sayen irinsa, SSD yake saya, ma'ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta, wata ma siririya ce da noti ɗaya ke riƙe ta. Ya nemi filash mai gigabait 8, ya sauke Windows daga shafin Microsoft kai tsaye a wata kwamfutar, ya shirya filash ɗin da manhajar kamfanin ko da Rufus, wata 'yar manhajar kyauta da ta fito a 2011. Ya soka filash, ya danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, ya zaɓi filash ɗin. Kafin shayi ya huce an gama kwafa. Ba a tambayar lambar mallaka, domin tun daga Windows 8 a 2012 kamfanoni suka daina manna ta a sitika, suka dasa ta a cikin uwar allon laftof. Windows 10 kuma ya zo da tsarin da ke gane na'urar da zarar ta hau intanet, ya mayar mata da lasisinta, ko da an canza ma'ajiya. Direbobi su sauko da kansu. Haruffanmu masu ƙugiya sun shiga tsarin Unicode, suna fitowa daidai a kwamfuta da waya ba tare da an nemo wani fayil ba.

Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai sha wahalar da ba. Tsohuwar laftof da take ɗaukar mintuna kafin ta tashi, a sa mata SSD sai ta tashi cikin daƙiƙoƙi, ta ƙara wa mai ita shekaru na aiki. Had-dis na laftof yakan karanta wajen megabait 100 a daƙiƙa, SSD mafi arha kuwa yakan ninka haka kusan sau biyar, kuma gargadar hanya ba ta dame shi ba. Yarinya a ɗakinta za ta kalli bidiyon koyarwa a waya, wasu ma da Hausa, ta yi wa laftof ɗinta ɗori ba tare da ta miƙa wa baƙo hotunanta da wasiƙunta ba. Wannan kaɗai ya isa riba.

Bai kamata kuma mu shafa wa jiya zuma fiye da yadda take ba. Yawancin faya-fayan da ke cikin baƙar jakar nan kwafi ne na kwafi, ba na asali ba, kuma wasu da cutarsu suke zuwa. Ka fito daga shago da sabuwar Windows, ka shiga gida da tsohon bairos. Wasu masu gyaran sun mayar da fomatin maganin kowace cuta: kwamfuta ta yi nauyi, fomatin, sauti ya ɗauke, fomatin. Kayan mutane da yawa sun salwanta a kan matsalar da minti goma za ta warware. Wasu ogannin sukan juya wa yaro baya idan za su shiga BIOS, don kada ya ga sirrin ya buɗe nasa shagon. Akwai kuma waɗanda suka ci amanar abin da suka gani a kwamfutocin mutane. Duk wannan ya faru, kuma sauƙin yau ya rage shi.

To me muka rasa? Mun rasa riƙe mabuɗi a hannunmu. A da, da faifanka da sitikarka, ko a ƙauyen da babu sabis kake, in dai akwai wuta, za ka tayar da kwamfutarka. XP a faifan CD ɗaya mai megabait 700 yake, kuma da ƙwaƙwalwa mai megabait 64 ma yakan tashi. Windows 11 ya haura gigabait 5 wajen saukewa, yana neman ƙwaƙwalwa mai gigabait 4 da ma'ajiya mai gigabait 64, kuma bisa hanyar da aka tsara ba ya ƙarasa hawa sai da intanet da asusun Microsoft. Bayan ya hau, ga sabunte-sabunte na jiran data. Ga wanda ke zaune a inda intanet ke gudana dare da rana wannan ba komai ba ne. Ga malamin makaranta a ƙaramar hukuma, mai sayen data da lissafi, nauyi ne na gaske.

Asusun nan kuma shi ne inda sabon haɗari yake. Sau da yawa mai laftof ba ya tuna imel ɗinsa, sai yaron shago ya buɗe masa wani cikin gaggawa don aiki ya wuce, ba wanda ya rubuta kalmar sirri. Tun daga sabunta Windows 11 da aka yi a 2024, sabon ɗori a yawancin na'urori yakan kulle ma'ajiya da tsarin BitLocker kai tsaye, mabuɗin ceto mai alƙaluma 48 kuma ya tafi cikin wancan asusun. Kullewar alheri ce idan ɓarawo ya ɗauki laftof, domin ba zai ga komai ba. Amma ranar da uwar allo ta ƙone, aka ciro ma'ajiyar lafiyarta ƙalau aka jona a wata kwamfutar, sai ta nemi alƙaluman nan 48. In babu su, babu gwanin da zai buɗe ta. Irin ceton da aka yi wa ɗalibar nan ba zai yiwu ba.

SSD ɗin ma da nasa halin. Ba ya ƙas-ƙas, sau da yawa ba ya jinya, jiya lafiya yau babu. Abin da aka goge a cikinsa kuma yakan share shi da gaske ba da jimawa ba, saɓanin had-dis da ake iya tono abin da aka goge bisa kuskure. Wasu laftof na zamani, ciki har da na Apple na 'yan shekarun nan, an liƙe ma'ajiyarsu da dalma a jikin uwar allo, babu notin da za ka kwance ka canza. Wasu kuma sai an ɓamɓare bayan gaba ɗaya da taka-tsantsan kafin a kai ga abin da a da ɗan murfi ne ke rufe shi.

Ga kuma batun wa'adi. An daina kula da XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, a ɓangaren Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Dubban laftof 'yan gwanjo da ke hannun ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata a ƙasar nan ba su cika wannan sharaɗin ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Mai irin wannan laftof in ya canza ma'ajiya yau, tambayarsa ba ta tsaya ga yaya zai ɗora ba, ta kai ga me zai ɗora. Wasu na bin dabarun tsallake sharaɗin, wasu na zama a kan tsohuwar da aka daina ɗinke ɓarakarta, wasu kuma sun waiwayi Ubuntu da Linux Mint, waɗanda ke tafiya sumul a tsofaffin na'urori kuma sun ishi mai rubutu da bincike da lissafin shago. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma bai dace a jefar da na'ura mai aiki don kawai wa'adin manhaja ya cika ba.

Abu na ƙarshe da ya ragu shi ne zurfin sani. Yaron da ya yi shekaru yana karanta wa oga lamba, yana neman direba a kafe, yana ganin inda aiki ke cijewa, yakan fita ya san cikin kwamfuta da bayanta. Na yau yakan iya ɗori a rana ɗaya, amma ranar da filash ya ƙi tashi, ko allo ya ce bai ga SSD ba, sai ya tsaya, domin bai taɓa sanin abin da ke gudana a ƙarƙashi ba. Ba laifinsa ba ne, sauƙi ne ya ɓoye masa. Nauyi yana kan manya su koya masa dalili, ba danna nan danna can kaɗai ba, kuma wannan karon kada su juya masa baya.

Zamani riga ne, ba kuma wanda ke neman a koma kwanan kafe. Amma tanadin da mutanen da suke yi bisa tilas, mu ya kamata mu yi shi bisa hankali, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai karatu, tun laftof ɗinka tana lafiya ka shirya filash ɗin ɗori ka ajiye. Ka rubuta imel ɗinka da kalmar sirri a takarda, ka nemo mabuɗin nan mai alƙaluma 48 ka kwafe shi, ka adana su inda kake adana takardun gida. Duk rubutu ko hoton da ba za ka jure rashinsa ba, ya kasance yana wuri biyu ko uku, ɗaya ba a jikin laftof ɗin ba. In ka kai gyara, ka tsaya a buɗe asusun da sunanka a gabanka, kuma ka karɓi tsohon had-dis ɗinka ka tafi da shi gida, domin ko ya mutu sirrinka na cikinsa. Ka yi wannan yau, kada ka bari sai gobe.